Gizakar da Ba Ta Taɓa Zuwa Riyad Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, safiyar da na tsaya a tsakar gidan kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, a unguwar Malaz ta Riyad, hannu a ƙugu, na ce wa masu zarton inji su fara aiki. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na ji ƙarar zarto a wani wurin gini sai gabana ya faɗi. Abokaina na unguwar Jaradiya, in muka haɗu ranar Juma'a aka tuno labarin, dariya suke yi har da hawaye, ni ma ina taya su, don ba na musun akwai abin dariya a ciki. Sai dai akwai inda dariyar take tsayawa, kuma can nake so in kai ku yau.

Ni direba ne. Abin da ke rubuce a igamata, takardar izinin zamana, ke nan, kuma abin da nake yi ke nan: cefane, asibiti, ɗauko baƙi daga filin jirgi. Amma a wancan lokacin in ka tambaye ni sana'ata, sai na fara sanar da kai cewa ina da difloma a fannin gandun daji kafin in sauko kan maganar mota. Takardar tana cikin akwatina, na sa an rufe ta da leda don kada zafin Riyad ya taɓa ta. Babu wanda ya taɓa cewa in nuna masa. (Na dai nuna wa mutum uku ba tare da sun tambaya ba, ɗayansu ma mai facin taya ne da ba ma jin yaren juna.) Abin yana cina a rai, gaskiya. Mutum ya yi shekara biyu yana haddace sunayen bishiyoyi da harshen Latin, a ƙarshe abin da yake ji daga safe zuwa yamma shi ne "yalla, kawo mota".

Gidan tsohon gini ne, irin na Malaz na da, mai faɗin fili. Kafilina, Abu Fahad, ba mugu ba ne, amma yana da saurin yanke hukunci. Mahaifiyarsa tana zaune tare da shi, mu ma'aikata Mama Kabira muke ce mata. A jikin katangar yamma akwai bishiyoyi bakwai a jere, dogaye, masu siraran ganye kamar gashin wutsiyar doki, in iska ta kaɗa sai ka ji suna fito a hankali. Marigayi mijinta ne ya dasa su, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aka yi masa haihuwa, kuma kowacce ana kiranta da sunan wanda aka dasa ta dominsa. Ta uku daga ƙofa ita ce ta Munira, 'yar tsohuwar da ta rasu tana budurwa. A gindinta ake ajiye wa Mama Kabira kujera kowace la'asar, da gahawa da dabino.

Mai kula da bishiyoyin shi ne Baba Ilu, wani dattijo daga wani ƙauye a wajen Tasawa, ta ƙasar Maraɗi. Ya fi shekara ashirin a gidan, kuma marigayin da bakinsa ya damƙa masa amanarsu kafin ya cika. Bai yi boko ba, ba shi da yawan magana. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka a gidan, ya nuna mini masallaci da shagon da ake samun garin masara, kuma kwano ɗaya muke cin tuwo. "Ɗiyana" yake ce mini. In yana son ya tsokane ni kuwa sai ya ce "Malam mai takarda", ni kuma da wautata sai in ɗauke shi a matsayin yabo.

To, a tsakiyar zafin Agusta sai ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso wa Mama Kabira a hannu da wuya. Na kai ta asibiti, aka ba ta magani, suka lafa, suka sake dawowa. Hankalin Abu Fahad ya tashi. Ana cikin haka, wata safiya ina wanke mota, na ɗaga kai na hango wani farin dunƙule can a saman bishiyar Munira, kamar an naɗe kan reshe da saƙa. Zuciyata ta buga. Zan so in ce don tausayin tsohuwa ne, amma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, murna ce. Allah ya yafe mini. Na ji a raina cewa ranar da takardata za ta yi magana ta zo.

Wani hoto na tuna, a littafinmu na darasin ƙwarin daji. Akwai wata faɗa-wuta, irin ƙwaron nan mai kama da malam-buɗe-littafi da ke zagaya fitila, wadda ba ta da abinci sai ganyen bishiyar fayin, wadda Larabawa ke kira sanaubar. Ita uwar ba ta cutar da kowa, ƙwai kawai take sakawa a jikin ganye ta mutu. 'Ya'yanta ne masifa: gizaka ce mai gashi, su taru da yawa su saƙa farar jaka a kan reshe su zauna ciki, suna fitowa suna cinye ganye. In lokacinsu ya yi sai su sauko ƙasa a jere, kan wannan a bayan wancan, su tafi su binne kansu. Gashinsu in ya taɓa fata sai ƙuraje da ƙaiƙayi, iska ma tana ɗaukarsa. Na duba farar jaka, na duba siraran ganye, na tuna hannun Mama Kabira. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ni ban taɓa riƙe ganyen sanaubar a hannuna ba. Shekarar da aka kai ajinmu tsaunukan Jos don mu ga gandunta da idonmu, ni ina Funtuwa ina abokin ango. Rahoton ziyarar ma na wani na kwafa, har na fi shi maki. Saboda haka duk bishiyar da na gani doguwa mai ganye kamar allura, a wurina fayin ce.

Kwana biyu na yi ina shiri. Na buɗe waya na samo cikakken sunanta, Thaumetopoea pityocampa, da danginta, Notodontidae, da babban rukuninsu na Lepidoptera, inda ake haɗa su da malam-buɗe-littafi. Na yi ta maimaita sunan a gaban madubin mota har harshena ya saba. (Wani ɗan sanda ma ya leƙo ni a fitilar hanya, ina tsammanin ya ɗauka addu'a nake yi.) A ƙasan shafin akwai wani sashe da ya yi bayanin ƙasashen da ake samunta. Na gan shi da idona. Ban karanta ba, don na riga na sami abin da nake nema.

Bayan sallar la'asar ta ranar Lahadi na tari Abu Fahad a tsakar gida, Baba Ilu yana gefe yana naɗe tiyo. Na nuna masa dunƙulen, na zuba bayani da guntun Larabcina, na rufe da sunan nan na Latin ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Kai ka yi karatun wannan?"

"Shekara biyu, ranka ya daɗe. Da takardata."

"Mene ne magani?"

Littafin bai ce a sare bishiya ba, reshen kawai ake cirewa. Amma cire reshe ya yi mini ƙanƙanta a baki. Na ce, "In ta shiga ɗaya, ta shiga duka. Sai dai a sare."

Sai Abu Fahad ya juya wajen Baba. "Ya Ilu, kullum kana ƙarƙashinsu, ba ka ga wannan ba? Uwata tana ta wahala, sai direba ne zai gano?" Baba ya sunkuyar da kai. Abu Fahad ya ce, "Halas, shi ke nan. Jibi a sare su duka. In babu bishiya kuma babu aikin mai lambu. Igamarka ta kusa ƙarewa, zan yi maka huruj ka koma gida ka huta." Huruj ita ce takardar fita ta dindindin, wadda in an buga wa mutum, zamansa ya ƙare.

Wallahi ban nufi haka ba. Ko kusa ban hango maganar za ta faɗa kan Baba ba. Na buɗe baki zan sassauta, sai Abu Fahad ya dafa kafaɗata ya ce, "Zo ka sha gahawa, ya muhandis." Injiniya ke nan. Shekara uku ina gidan ban taɓa zama a kan kujerar falon baƙi ba. Na bi shi, na zauna, na sha kofi uku. Kafin mu shiga dai na ji Baba ya roƙi abu guda cikin sanyin murya: a kira masu feshin magani su duba tukuna. Abu Fahad ya ce to, za su zo rana ɗaya da masu saran, su feshe ƙasar bayan an gama.

Da magariba muka zauna cin tuwo. Baba bai ci da yawa ba. Can sai ya zaro wani ɗan ganye daga aljihunsa, ya ja shi a hankali, ya rabu biyu, ya sake ja, ya sake rabuwa.

"Ɗiyana, diba nan. Iccen nan naka na littahi, haka shi ke da gaɓa-gaɓa kamar kara? Ni dai kazurina na ji mai gidan na hwaɗi, Allah shi jiƙan shi."

Ga amsar da na ba shi, kuma ita ce ta fi komai yi mini ciwo har yau. Na ce, "Baba, wannan ilimi ne. Ba a gonar gero ake koyonsa ba." Ya dube ni, ya mayar da ganyen aljihu, ya ce, "To, Allah shi sa albarka." Ya wanke hannu ya tashi.

Ranar Talata da sassafe aka sa na kai Mama Kabira gidan babbar 'yarta a unguwar Murabba, wai ta yini a can. Ba a gaya mata komai ba. A hanya har tana tuna mini in gaya wa Ilu ya ƙara wa Munira ruwa, zafin bana ya yi yawa. Na ce to.

Na dawo na tarar masu zarto sun iso, su uku. Mai feshi bai zo ba, an ce cunkoson motoci ya riƙe shi. Abu Fahad yana ciki yana waya. Shugaban masu saran ya ce su fa ba za su tsaya rana ta ɗaga ba, akwai wani aikin a gabansu. Baba ya ce a ɗan jira. Aka juyo aka dube ni, tunda ni ne muhandis. Nan ne na sa hannu a ƙugu na ce, "Ku fara da mai jakar." Baba ya ɗauki kujerar Mama Kabira daga gindin bishiyar ya kai ta inuwar baranda, ya tsaya can ya juya mana baya. Bishiyar da ta yi shekara talatin da wani abu tana girma, ba ta kai minti ashirin ba ta kwanta.

Ƙurar ba ta gama lafawa ba sai ga mai feshi, wani injiniyan gona mutumin Labanan, mai furfura a gemu. Abu Fahad ya fito ya gabatar da ni da alfahari. Na gyara tsayuwa na sake rera sunan Latin. Mutumin ya saurare ni har na gama. Sannan ya durƙusa, ya tsinki ganye ɗaya daga bishiyar da ke kwance, ya ja shi, ya rabu, ya sake ja, ya sake rabuwa. Daidai yadda Baba ya yi.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ina sanaubar ɗin?"

Na nuna masa da hannu.

"Wannan kazurina ce. Ko dangi ba su haɗa da sanaubar ba. Ganyen sanaubar allura ne, biyu-biyu ko fiye, a ɗaure a gindi ɗaya, ba ya rabuwa gaɓa-gaɓa. Ni a cikinta na girma." Ba da faɗa yake magana ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da cewa ƙwaron da na ambata gaskiya ne akwai shi, kuma sunan daidai na faɗa (na ji daɗin wannan na tsawon numfashi ɗaya), amma mazauninsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne: kudancin Turai, su Sifaniya da Faransa da Italiya da Girka, sai tsaunukan Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Ta wajensu kuma, Labanan da Kubrus da wani yanki na Turkiyya, wata 'yar'uwarta ce ta kusa mai suna wilkinsoni. Dukansu sai inda akwai dajin sanaubar ko danginta na kusa. Jakar ma da sanyi suke saƙa ta, zafi mai tsanani kashe ƙananansu yake yi. Ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "A Riyad, a watan Agusta? Ko a jirgi ka kawo ta, ba za ta ga la'asar ba."

Abu Fahad ya ce, "To wancan farin abin fa?"

Injiniyan ya taka zuwa kan bishiyar, tunda yanzu ta sauko ƙasa kowa na iya kaiwa, ya sa hannu ya cisge dunƙulen. Ya yage shi a gabanmu. Auduga ce, irin ta cikin matashin kai, yanar gizo-gizo da ƙura sun naɗe ta. A jikinta akwai wani guntun ƙyalle shuɗi mai ratsin fari. Na san ƙyallen. Matashina ne, wanda na shanya a saman ɗakina makonni uku da suka wuce, ya yage, iska ta yi gaba da rabin cikinsa. Ɗaya daga cikin masu zarto ya kasa daurewa, ya fashe da dariya, sauran suka bi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma tsakar gidan siminti ne.

Abu Fahad bai yi dariya ba. Ya dubi kututturen, ya dube ni, fuskarsa ta canza. Kafin ya yi magana sai ga Baba Ilu ya tako daga baranda ya tsaya tsakaninmu. Ya ce da Larabcinsa na tsofaffin ma'aikata, "Ya Abu Fahad, laifina ne. Ni ne mai lambu, ni ya kamata in hau in duba. Shi niyyarsa lafiyar Mama."

Wannan ita ce kunyar gaske, ba dariyar masu zarto ba. Mutumin da na ci wa fuska a kan kwanon tuwo, wanda saura ƙiris in raba shi da abincinsa, shi ne ya tsaya yana rufa mini asiri. Na ji hawaye sun cika mini ido. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ya gaya mini, ya nuna mini ganyen, na wulaƙanta shi. Ni ban taɓa ganin sanaubar ba a rayuwata. Matashin ma nawa ne." Abu Fahad ya sallami masu zarto, ya ce maganar huruj ta mutu, ya juyo gare ni ya ce, "Kai ka kai ta, kai za ka ɗauko ta. Kuma kai za ka gaya mata."

Kafin in tafi na sami Baba yana tattara rassa. Na durƙusa na nemi gafara, na tambaye shi me ya hana shi ƙaryata ni tun ranar Lahadi. Ya ce, "Ɗiyana, in na ce ƙarya ka kai gaban Balarabe, kai za a kora, ga ka da ɗiya ƙanana gida. Ni na tsuhwa. Kuma na ce wataƙila mai takarda ya san abin da ban sani ba." Ya ci gaba da tattara rassan. "Amma da na san ba za a jira ba, da na kwanta gindinta."

Daga Murabba zuwa Malaz ba nisa, amma ban taɓa yin tuƙi mai tsawon wannan ba. A fitilar hanya ta biyu na gaya mata, ina kallon sitiyari. Da muka shiga gida ta taka da sandarta har wurin, ta tsaya a kan kututturen, ta shafa shi da tafin hannunta kamar yadda ake shafa kan yaro. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sau biyu ke nan." Sannan ta ce wa Baba ya mayar mata da kujerarta inda take. Ta zauna a nan, babu inuwa, ta sha gahawarta. Ba ta zage ni ba, ba ta ce a kore ni ba. Da ta ce ko ɗaya, da na fi samun barci a watannin da suka biyo baya.

Ƙurajen kuwa, daga baya likita ya gano wani sabon man shafawa ne da aka kawo mata tsaraba bai karɓe ta ba. Aka daina, suka baje.

Baba Ilu yana nan har yau, an sabunta masa igama. Bishiyoyi shida ne a jikin katanga, da giɓi a tsakanin ta biyu da ta huɗu, kuma daidai gaban giɓin nake ajiye mota kowace rana, don babu wani wurin. Na sayo ƙaramar kazurina na dasa a gefen kututturen, ta kama, yanzu ta kai kafaɗata. Mama Kabira ba ta sa mata suna ba, "ta direba" take ce mata. Takardata tana cikin akwati, ledarta ba ta ko yi ƙura ba, kuma rabon da in nuna wa wani ita tun ranar. Abin da na koya bai wuce wannan ba: in na buɗe shafi, sai na karanta har ƙasa, in kuma tsoho ya zaro ganye daga aljihu, sai in ajiye loma in duba. Su abokaina na Jaradiya har yau Muhandis suke kirana, ina amsawa, don na cancanci fiye da haka. Baba ne kaɗai bai sake ce mini "Malam mai takarda" ba ko sau ɗaya, kuma wallahi da zai sake faɗa, da na san ya gama yafe mini.